Florence Nightingale, matar da ta hana a ba majinyaci magani da ka

Kowace shekara, ranar 12 ga watan Mayu, ma'aikatan jinya a ƙasashen duniya na bikin ranarsu. An zaɓi wannan rana ce saboda ita ce ranar haihuwar Florence Nightingale, Baturiyar Ingila da ta rasu a 1910. Hoton da aka fi saninta da shi shi ne na mace riƙe da fitila tana zagaya gadajen sojoji cikin dare. Sai dai matan da suka yi aiki a ƙarƙashinta sun fi tuna ta da wata doka da ta jawo mata baƙin jini: babu ma'aikaciyar da za ta ba majinyaci magani, ko barasa, ko wani abinci na musamman sai da umarnin likita. Wadda kuma ta ba da abu, wajibi ne ta lura da yadda ya karɓi jikin mutum, ta kai rahoto ba ƙari ba ragi.

An haife ta a 1820 a birnin Florence na ƙasar Italiya, lokacin da iyayenta ke wata doguwar tafiyar shaƙatawa, shi ya sa aka raɗa mata sunan birnin. Mahaifinta, William Nightingale, attajiri ne mai manyan gidaje biyu a karkarar Ingila, kuma shi da kansa ya koyar da ita da yayarta Parthenope harsunan Girka, Latin, Faransanci, Jamusanci da Italiyanci, haɗe da tarihi. Lissafi kuwa ita ta nace sai ta koya. A Fabrairun 1837, tana da shekara 16, ta rubuta cewa ta ji kiran Ubangiji zuwa ga hidimarsa, amma ta ɗauki shekaru kafin ta gane wace hidima ce. Da ta nemi izini a 1845 ta je asibitin garin Salisbury ta koyi jinya, gidan ya rikice. Mahaifiyarta da yayarta suka ce ba da su ba.

Ba a ga laifinsu sosai ba idan aka dubi asibitin wancan zamani. Mai hali a gida ake jinyarsa, asibiti wurin talaka ne wanda ya rasa mai kula da shi. Masu jinya galibinsu mata ne matalauta da ba a koya musu komai ba, wasu ko karatu ba su iya ba, kuma sun yi ƙaurin suna da shan giya a bakin aiki. Magungunan da ke wucewa ta hannunsu kuwa ba na wasa ba ne. Akwai kalomel, maganin wankin ciki da ake haɗawa da zaiba, wanda in ya yi yawa yake sa yawu ya dinga zuba, haƙora su yi girgiɗi. Akwai lodanom, wato ofiyom da aka jiƙa a barasa, wanda ɗigo kaɗan ke raba barci da mutuwa. A kantin unguwa ake sayar da shi kamar sukari, har iyaye mata masu aikin masaƙa kan ɗura wa jarirai ruwan ofiyom mai zaƙi don su yi shiru. Sai a 1868 Birtaniya ta yi dokar da ta fara taƙaita sayar da irin waɗannan abubuwa masu guba, shekara goma bayan wani kuskure a garin Bradford, inda aka ɗebo gubar arsenik daga kantin magani a zaton wani farin gari ne, aka yi alewa da ita, mutane kusan 20 suka mutu.

Florence ba ta haƙura ba. Ta shiga karanta rahotannin asibitoci a ɓoye, ta ƙi auren Richard Monckton Milnes, ɗan majalisar da ya daɗe yana nemanta. A 1851 ta yi wata uku a Kaiserswerth, wata cibiyar coci a Jamus da ke horar da mata masu kula da marasa lafiya. A 1853 mahaifinta ya yanke mata fam 500 duk shekara, abin da ya ba ta ikon cin gashin kanta, kuma a watan Agusta na shekarar ta karɓi ragamar wani ƙaramin gidan jinya na mata a titin Harley da ke Landan. Nan ta fara nuna irin tunaninta. Ta sa aka ja ruwan zafi zuwa kowane bene, aka kafa ƙararrawar da ke nuna daga wane ɗaki aka yi kira, don ma'aikaciya ta daina ɓata lokaci a kan matakala, ta zauna kusa da majinyaci.

Shekara guda kacal ta yi a wurin, yaƙi ya tashe ta. A Maris na 1854 Birtaniya da Faransa suka shiga yaƙin Kirimiya a ɓangaren daular Turkawa, suna yaƙar Rasha. Sojan da ya ji rauni ko ya kwanta ciwo sai an ɗora shi a jirgin ruwa, a ƙetare Bahar Aswad da shi tafiyar kusan kilomita 500, zuwa Scutari, unguwar Santambul ta ɓangaren Asiya wadda yau ake kira Uskudar. A can an mayar da wani ƙaton barikin sojan Turkiyya asibiti. Da wakilan jaridar The Times suka ba da labarin yadda sojoji ke mutuwa babu ko ƙyallen ɗaure rauni, hankalin jama'a ya tashi. Sidney Herbert, ministan da ke kula da kuɗi da kayan soja, wanda ya san Florence tun haɗuwarsu a Roma, ya rubuta mata ya nemi ta jagoranci ayarin mata zuwa can. Ta bar Landan ranar 21 ga Oktoba da mata 38, cikinsu har da sistocin Katolika da na Angilikan, suka sauka ranar 4 ga Nuwamba. Kashegari aka gwabza yaƙin Inkerman.

Abin da suka tarar ya wuce abin da jarida ta faɗa. An gina barikin ne a kan magudanan ƙazanta da suka toshe, iska na turo warin cikin ɗakunan kwana. Kwarkwata da ɓeraye sun cika ko'ina, babu isassun kwanoni, babu sabulu, babu tawul. Likitocin soja kuma ba su yi maraba da su ba, don a ganinsu mace ba ta da gurbi a asibitin soja.

A nan ne ta yanke shawarar da ta fi kowace wahalar haɗiyewa. Ta umarci matanta kada wadda ta shiga ɗakin majinyata sai likita ya nema, kada wadda ta ba da komai sai da umarninsa. Suka yi kwanaki suna ɗinkin matasai da harhaɗa ƙyallaye, suna jin nishin mutane ta bayan bango. Ga matan da suka baro ƙasarsu don su taimaka, wannan ya yi kama da rashin imani. Ita kuwa lissafinta shi ne, ranar da wata ta ba soja abu da ka ya mutu, ranar ce za a tattara su duka a mayar Ingila, a kuma rufe wa mata ƙofar asibitin soja. Ba a jima ba jiragen masu rauni suka fara isowa babu ƙaƙƙautawa, likitoci suka rasa inda za su sa kansu, dole suka nemi hannunta. Ko a lokacin ba ta sassauta ba. Ta buɗe ɗakin girki na musamman inda ake dafa romo da kunu ga waɗanda cikinsu ba ya riƙe abincin soja, amma babu abin da ke fita daga ciki sai da takardar da likita ya sa wa hannu. Giyar inabi da burandi, waɗanda a lokacin ake rubuta wa majinyaci a matsayin maganin ƙara ƙarfi, su ma haka. Ta san cewa kwalbar da ba a ƙirga ba, ba lallai ne ta isa bakin mai ciwon ba, kuma ta sallami wasu daga cikin matanta saboda maye.

Wata sista mai suna Elizabeth Wheeler ta kasa jurewa. Tana ganin mutanenta na ƙarewa, tana neman a ƙara mata giya da abinci fiye da abin da likita ya rubuta, ana hana ta. Ta rubuta wasiƙa gida tana kukan halin da ake ciki, wasiƙar ta fito a The Times a Disambar 1854. Da aka yi bincike aka ce wasu bayananta ba daidai ba ne, aka sa ta ajiye aiki. Ba za a ce matar nan ba ta da tausayi ba, kuma mutanen da take kuka a kansu da gaske mutuwa suke yi. Amma ga Florence, ma'aikaciyar da ke ƙara abu bisa jin zuciyarta, ta kuma ba da labarin da ba ta tantance ba, haɗari ce ga majinyaci komai kyawun niyyarta.

Ba wai ta ɗauki takarda abin bauta ba ne. Ta ga yadda ita ma takardar ke kisa. A Disambar 1854 ɗaruruwan akwatunan ruwan lemun tsami suka isa tashar jirgin ruwan Balaklaba a Kirimiya, daidai lokacin da dasashin sojoji ke kumbura yana jini saboda rashin ganye da ƴaƴan itace. Maganin ciwon ke nan a ajiye, amma ba a fara rabawa ba sai a Fabrairu, saboda babu umarnin da ya sa shi cikin abincin soja. Irin wannan ne ya sa ta zama ma'ajiya da kanta. Da kuɗin hannunta da na asusun da masu karanta The Times suka tara, ta riƙa aikawa kasuwannin Santambul ana sayo riguna, kwanoni da burushin wanke daɓe, ta kama gida ta mayar da shi wurin wanki, ta ɗauki matan sojoji aiki a ciki. Abin da take so shi ne a san wa ya rubuta, wa ya ba da, kuma abin ya isa ga mai shi a kan lokaci.

Duk da haka mutuwa ba ta tsaya ba. Sojoji 4,077 ne suka rasu a Scutari a wannan hunturu na farko, kuma cututtuka irin su atuni, kwalara, taifot da zazzaɓin kwarkwata sun kashe ninkin-ba-ninkin waɗanda rauni ya kashe. A Fabrairun 1855 adadin masu mutuwa ya kai kusan kashi 42 cikin 100 na waɗanda aka kwantar. Sai a watan Maris gwamnati ta turo kwamitin tsafta, cikinsa har da likita John Sutherland da injiniya Robert Rawlinson. Suka yashe magudanai, suka buɗe hanyoyin iska, suka ciro mushen doki daga hanyar ruwan da asibitin ke sha. Zuwa Yuni adadin ya sauko kusan kashi 2. Masana tarihi na ci gaba da muhawara kan rabon kowa a wannan nasara, amma ita kanta darasin da ta ɗauka mai ɗaci ne: ana iya ba mutum maganin da ya dace a kan lokaci, ginin da yake kwance a ciki ya kashe shi.

Ba ita kaɗai ce macen da sojoji suka sani ba. Mary Seacole, baƙar fata ƴar Jamaika da ta gaji haɗa magunguna daga mahaifiyarta, ta nemi a tura ta aka ƙi, ta tafi da kuɗinta ta buɗe wurin abinci da sayar da kaya kusa da fagen daga, inda take kuma ba sojoji magani. Hanyarta daban da ta Florence, kuma ba su taɓa aiki tare ba.

A Mayun 1855 Florence ta ƙetara Kirimiya don duba asibitocin can, zazzaɓi ya kwantar da ita har aka fitar da rai. Likitocin yau da dama na ganin cutar burusela ce, wadda ake ɗauka daga nonon dabba da ba a tafasa ba. Ta tashi, ta koma aiki, ta zauna har aka kwashe majinyaci na ƙarshe. A Agustan 1856 ta koma gida a ɓoye da sunan aro, don guje wa tarbar da aka shirya mata.

Daga nan ta koma yaƙi da alƙaluma. Ta gana da Sarauniya Victoria, ta matsa har aka kafa hukumar bincike kan lafiyar soja a 1857. Tare da masanin ƙididdiga William Farr ta nuna cewa ko a lokacin zaman lafiya, samarin da ke barikokin Ingila na mutuwa kusan ninki biyu na tsararrakinsu farar hula. Da ta lura manya ba sa karanta jerin lambobi, sai ta zana su kamar faifai da aka yayyanka, kowane yanki wata guda, launi na nuna abin da ya yi kisa. A 1858 ta zama mace ta farko da ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan ta karɓa. Mafi yawan wannan aiki daga kan gado ta yi shi, don tun 1857 ciwo ya tsare ta a ɗaki. A tsakiyar shekarun 1860 ciwon baya ya tsananta har aka riƙa yi mata allurar ofiyom a ƙarƙashin fata, dabarar da ba ta daɗe da fitowa ba, tunda a 1853 ne aka ƙirƙiro sirinjin allura a Edinbara da Liyon. Ta san sauƙin da maganin ke kawowa, ta kuma koka cewa yana dusashe mata tunani.

A ƙarshen 1859 ta fitar da ƙaramin littafinta Notes on Nursing, wanda ta rubuta domin matan gida masu kula da mara lafiya. Wanda ya buɗe shi yana neman sunayen magunguna zai sha mamaki, don kusan duka a kan iska, haske, tsafta, shiru, abinci da lura yake magana. A ganinta magani yana kawar da abin da ya tare hanya ne kawai, jiki ke yin warakar. Inda ta taɓo magani kuwa ba ta rage wa kowa ba. Ta caccaki matan masu hali da likita zai rubuta wa magani a Landan, su koma karkara su riƙa rarraba shi ga ƴaƴansu, ƙawayensu da talakawan unguwa, ba tare da sanin ko ciwon iri ɗaya ne ba. Ta soki ɗabi'ar ɗirka wa yara maganin wankin ciki da ofiyom a kai a kai. Duk wanda ya san yadda ragowar ƙwayoyin wani ke zagaya gida, ko yadda ɗan ci-rani kan aiko wa tsohuwa da maganin da aka rubuta masa shi a can, ya san zancen bai tsufa ba.

Ta kuma ba da wani ɗan labari da ta ji tun tana yarinya. An yi haɗari, aka aiki yarinya ta ɗauko kwalbar maganin farfaɗo da wanda ya suma daga wani ɗaki. Ta ruga a guje ta dawo da kwalba, amma ba ta wannan maganin ba ce, kuma ba daga wannan ɗakin ba. Da shi take nuna cewa gaggawa da kyakkyawar niyya ba sa maye gurbin duba abin da ke hannu. Haka ta yi da tambayar da ake wa mai jinya. Tambayar ko majinyaci ya kwana lafiya ba ta da amfani, don wanda ya yi barcin awa goma da wanda ya ɗan runtsa duk amsa ɗaya za a bayar a kansu. Awa nawa ya yi, kuma a wane sashe na dare, shi ne abin da likita zai iya aiki da shi. Sannan ta ce mai riƙe da ɗakin jinya ana gane ƙwarewarta ne ta abin da ke faruwa sa'ad da ba ta nan, wato ko ta tsara yadda wadda ta karɓe ta za ta san abin da aka ba da da abin da ya rage.

Da kuɗin da jama'a suka tara da sunanta, sama da fam 44,000, aka buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas na Landan a 1860, da ɗalibai 15, ƙarƙashin shugabar ma'aikatan jinya Sarah Wardroper. Horon shekara guda ne. Cikin ayyukan da aka rubuta wa ɗaliba akwai lura da bugun jijiya, numfashi, barci, fata, yanayin rauni da hankalin majinyaci, da kuma tasirin abinci, barasa da magani a jikinsa. Kowace tana rubuta abin da ta gani, kuma duk wata ana cika mata takardar hali da ke auna gaskiyarta, kiyaye lokacinta da nisantar maye. Abin bai tafi sumul ba. An kori wasu, wasu sun bari da kansu, kuma a farkon shekarun 1870 Florence ta gano koyarwar ta yi rauni, ta sa aka gyara. Amma daga wannan makaranta ne mata suka bazu suka kafa irinta a wasu asibitocin Birtaniya, Ostiraliya da sauran wurare. Ɗaya daga cikinsu, Agnes Jones, ta je da ma'aikata 12 asibitin gidan gajiyayyu na Libaful a 1865, zazzaɓin kwarkwata ya kashe ta a bakin aiki a 1868.

A bugu na 1863 na littafinta kan asibitoci ta kafa sharaɗin farko da ya kamata asibiti ya cika, wato kada ya cutar da wanda ya zo neman lafiya. Sharaɗin ya hau kanta ita ma. Sashen horar da ungozomomi da asusunta ya buɗe a asibitin King's College ya fara rasa mata masu jego saboda zazzaɓin bayan haihuwa, sai aka rufe shi a 1867. Ta shafe shekaru tana tattara alƙaluma daga asibitocin haihuwa, a 1871 ta wallafa sakamakon da ya nuna cewa a wancan zamani mace ta fi tsira idan ta haihu a gida a kan ta haihu a cunkoson asibiti.

Ba komai ta hango daidai ba. Ta daɗe tana ɗora laifin cuta a kan gurɓatacciyar iska kafin ta yarda da bayanin ƙwayoyin cuta. Ta kuma yi adawa da yi wa ma'aikatan jinya rajistar hukuma, tana ganin jarrabawa ba ta auna hali. Sai a 1919, bayan rasuwarta, aka yi dokar. Akwai kuma abubuwan da ake jingina mata da ba nata ba. Ƙa'idar duba abu biyar da ake koya wa ɗaliban jinya yau, wato a tabbatar da majinyacin, maganin, adadinsa, hanyar ba da shi da lokacinsa, daga baya ta zo. Rantsuwar da ke ɗauke da sunanta, wadda a cikinta ma'aikaciya ke alkawarin ba za ta sha ko ta ba wani magani mai cutarwa da saninta ba, wata malamar jinya ce mai suna Lystra Gretter ta jagoranci tsara ta a birnin Detroit na Amurka a 1893.

Ta yi tsawon rai fiye da yadda kowa ya zata. Ta yi shekaru tana rubutu kan ruwan sha da tsaftar ƙauyukan Indiya, ƙasar da ba ta taɓa takawa ba. A 1890 aka naɗi muryarta a na'urar Edison don tara wa tsofaffin sojojin Kirimiya kuɗi, kuma har yanzu ana iya sauraronta a intanet. A 1907 ta zama mace ta farko da aka ba lambar girma ta Order of Merit, lokacin idonta ya tafi, tunaninta ya raunana. Ta rasu cikin barci ranar 13 ga Agusta, 1910, a gidanta na Landan, tana da shekara 90. An nemi a binne ta a majami'ar Westminster inda aka binne sarakuna da manyan ƙasa da dama, danginta suka ƙi bisa wasiyyarta. Sojoji shida suka ɗauki akwatin gawar zuwa maƙabartar cocin ƙauyen East Wellow, kusa da gidan da ta girma. A ɓangarenta na dutsen kabarin iyalin, haruffan farko na sunanta ne kawai aka rubuta, sai ranar haihuwa da ranar rasuwa.